Sutan Marajo da 'Ya'yan Biro

Idan kana neman wanda ya fi kowa sani a Koto Randah, kar ka wahalar da ƙafarka. Zauna kawai a shagon shayin Mak Itam. Kafin kumfar ƙwan da ke kan shayinka ta kwanta, zai shigo da kansa ya gaya maka shi ne.

Darmawis uwarsa ta raɗa masa, amma tun ranar da ya yi aure aka ba shi sunan girma kamar kowane magidanci, ya zama Sutan Marajo. Sana'arsa ɗaukar hoto: na katin shaida, na takardar makaranta, na maniyyata aikin Hajji. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ce wa mutane, "Ɗaga haɓa, rufe baki," a wani ɗan ɗaki da ke jikin rumbun shinkafa. Ɗakin na matarsa Nurbaiti ne, haka rumbun, haka gidan, haka gonar da ke bayan gidan, kamar dai yadda abin yake a kowane gida na garin. Nasa kyamara ce da hular kwano. Babur ɗin ma nata ne.

Ya taɓa zuwa Jakarta. Kwana tara ya yi, huɗu daga ciki a cikin motar zuwa da ta dawowa, amma har yau ko gishiri zai nema a gidansa sai ya fara da, "Mu da muka zauna a Jakarta..."

To, wata Juma'a sai ga shi ya faɗo shagon Mak Itam yana ɗaga waya sama. Wai wani kamfanin kayan yara na Jakarta yana neman mai ɗaukar hoto guda ɗaya tak a duk yankin Payakumbuh, aiki na dindindin. Mai so ya tanadi hotunan yara goma sha biyu. Wakiliyarsu, wata Bu Wulan, za ta biyo ta garin Asabar ta sama ta duba da idonta.

"Ni suke nema," in ji Marajo. "Sunana ne kawai ba su rubuta ba, don kar sauran su ji haushi."

Mak Itam yana kaɗa ƙwai a kofi, ya ce, "Ka taɓa ɗaukar mutum yana motsi kuwa?"

"Mak, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana hana mutane motsi ai shi ya fi kowa sanin motsi."

Ba wanda ya gane, saboda haka ba wanda ya musa.

Ran Lahadi aka yi tseren agwagi a titin bakin gona. Abin nema ya samu, don duk yaran garin suna wurin, kowa rungume da agwagwar gidansu. Marajo ya iso cikin wata 'yar shara mai aljihu goma sha huɗu, duk babu komai ciki. Bai ce wa kowa sannu ba, balle ya ce zai ɗauki ɗan wani. Ya kwanta rub da ciki a tsakiyar titi, wai haka ƙwararru suke yi. Aka cilla agwagi sama, suka taso da ƙarfi, biyu daga ciki suka ga fili mai laushi suka sauka a bayansa. Alƙalin tsere ya ce sai an sake, don ba a taɓa sa mutum a matsayin layin ƙarshe ba.

Ya tashi ya bi wani yaro yana ja da baya, yana cewa, "Kalle ni, kar ka kalle ni, yawwa, yi kamar ba ka san ina nan ba." Yaron ya san yana nan, ya kuma san akwai gonar shinkafa a bayansa, amma an koya masa kar ya katse babba. Marajo ya nitse cikin laka har ƙugu, hannu ɗaya a sama riƙe da kyamara. Mutum uku suka ciro shi. Takalminsa na hagu yana can har yanzu, ana noma a kansa.

Amma, tsakani da Allah, hotunan sun yi kyau. Wannan shi ne abin haushi game da Marajo: idonsa ya iya aiki, bakinsa ne yake ɓata masa. Ya samu mai dariya, ya samu mai gudu, ya samu mai cizon kunnen ƙaninsa. Wanda ya fi duka kyau kuwa na 'yarsa ce Delvia, 'yar shekara takwas, tana rungume da agwagwarta da ta zo ta ƙarshe, hawaye shaɓe-shaɓe.

Ran Laraba ya kira Bu Wulan a waya don ta san da wa take magana. Ya yi minti goma yana ba ta labarin Jakarta, garin da aka haife ta. Da ta samu ya ja numfashi sai ta ce, "Madalla, Pak. Takardun izinin fa, sun kammala? Kowane yaro da tasa, da sa hannu a kan kan sarki. Hoton da ba shi da takarda ko kallonsa ba na yi."

"Tun jiya," in ji Marajo.

Ya kashe waya, ya koma kan sanarwar, ya ja ta ƙasa da yatsa. Ashe akwai sauran rubutu a ƙasa. Shi tun daga inda aka ce "ƙwararre" ya daina karantawa, don ya ga an riga an zo kansa.

Ya je kanti aka buga masa takardun guda goma sha biyu, ya sayo kan sarki goma sha biyu, ya dawo ya baje su a tabarma. Nurbaiti tana daka barkono, ta leƙo, ta kira shi yadda matan garin ke kiran miji.

"Uda, ai da sauƙi. Ka san gidan kowanne. Ka yi sallama, ka zauna, ka nuna wa uwar hoton, ita ta gaya wa kawunsa. Ba wadda za ta hana ka."

"Beti, wannan maganar doka ce, ba maganar kicin ba. Doka ta ce uba."

Ta goge hannu ta ɗauki ɗaya. "Ta ce uwa ma. Ga shi a ƙarƙashin layin sa hannu: uba, ko uwa, ko mai riƙo."

"Wa ta fara faɗa?"

"Uba."

"To."

Gaskiyar magana, lissafi ya yi. Gida goma sha ɗaya, kowanne sai ya cire takalmi, ya tanƙwashe ƙafa, an kawo shinkafa, an tambaye shi lafiyar surukarsa, sannan a ce a bari kawun yaro ya dawo daga kasuwa. Shi, mutumin da ya zauna a Jakarta! Alhali iyaye maza duk suna wuri ɗaya daga safe har azahar, ba sa aikin komai.

Ran Alhamis da hantsi ya shimfiɗa takardun a teburin Mak Itam, ya ajiye biro a tsakiya, ya yi gyaran murya.

"Na zo neman izininku a kan 'ya'yanku."

Sutan Pamenan, mai gyaran keke, ya ajiye kofinsa a hankali. "Izinin wa?"

"Naku."

"A kan 'ya'yanmu?"

"Haka doka ta ce."

Sutan Pamenan ya share ido da gefen zanin da ya ɗaura irin na mazan garin. Ya ce shekararsa goma sha shida da aure, an yi wa ɗansa kaciya bai sani ba sai da ya ji ihu, an sa 'yarsa makaranta sai a hanya ya gan ta da jaka. Yau ga shi an zo har inda yake zaune ana neman izininsa. Ya ce a ba shi biro kafin a fasa.

Mak Itam ya ce, "Ku dai bi a hankali. Magabata sun ce uba a gidan matarsa toka ce a kan kututture, iska kaɗan ta ishe shi."

"Wannan a zamanin da ne, Mak," in ji Marajo. "Yanzu akwai kan sarki."

Ya fara lasa yana mannawa. Wurin sa hannu ƙarami ne, kan sarki kuwa faffaɗa, sai ya riƙa sauke shi ƙasa kaɗan don biro ya samu fili. Ko da ya gama, a duk takardun goma sha biyu kan sarki ya zauna daram a kan "uwa" da "mai riƙo". "Uba" kaɗai ya rage a waje. Marajo ya duba, ya ce a Jakarta haka ake mannawa.

Sai aka zo kan sunaye.

"Ya sunan ɗanka?"

"Buyuang."

"Kowa ai Buyuang ake kiran ɗansa. Na makaranta nake nufi."

Sutan Pamenan ya dubi rufi. Ya ce akwai "Muhammad" a farko, wannan ya tabbata. Na tsakiyan uwar ce ta samo a talabijin. Na gaba da shi ya ce tasa 'yar Upiak ce, kamar 'yar kowa, kuma in ana son na makaranta bari ya aika gida a tambayo.

"Kar ka aika!" in ji Marajo. "Rubuta Upiak. Allah ma ya san wadda ake nufi."

Mutum bakwai suka sa hannu. Marajo ya sa na 'yarsa, ya zama takwas. Saura huɗu. Uban ɗaya, Sutan Kayo, yana nan zaune yana jiran layi. Sauran ukun kuwa iyayensu maza suna ci-rani: ɗaya yana sayar da abinci a Batam, ɗaya yana ɗinki a Medan, ɗaya ya tafi Malesiya tun bara.

Shi Sutan Kayo mutum ne mai sanyin hali, mai kiwon kifi a kududdufin matarsa. Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya, sa hannunsa. Tun yana saurayi ya ƙirƙiro shi, da wata doguwar jela da ke zagayowa ta yi ƙulli, kuma tun ranar ɗaurin aurensa bai sake samun inda zai yi amfani da shi ba. Ya sa a takardar ɗansa, ya ɗaga yana kallo, ya ƙi sakin biron.

Marajo ya dube shi, ya dubi takardu ukun da suka rage, ya tura masa hoto na biyar. "Kayo, ka taɓa riƙe yaron nan?"

"Ɗan Uni Eli? Ni na danne masa ƙafa ranar kaciyarsa."

"To kai mai riƙo ne. Doka ta san da kai. Wannan fa?"

"Na taɓa ɗaga ta ta tsinki gwaiba."

"Riƙo ne. Wannan?"

"Wannan kam jifana ya taɓa yi, na kama masa kunne."

"Riƙo ya fi wannan? Sa hannu."

Kayo ya zuba jela uku, kowace ta fi ta baya tsawo. Mak Itam ya koma kan ƙwansa.

Da wani mai hankali ne, da sai ya jira Bu Wulan a ɗakinsa, su duba hotuna su biyu, ta tafi. Marajo kuwa sai ya kama zauren taron gari, ya ɗauko hayar lasifika, ya hau babur ɗin matarsa yana zagaya unguwanni yana shela cewa ran Asabar za a yi baje kolin hotuna irin wanda ba a taɓa yi ba daga nan har Padang, kowa ya zo da iyalinsa.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yayan Nurbaiti ya biyo ta gidan. Datuak Bandaro ke nan, babban dangin, kawun Delvia, mutumin da bai taɓa faɗin magana kai tsaye ba ko da gobara ce. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yabi barkonon bana.

"Sutan," ya ce, "na ji labarin wani mutum. Ya shiga gonar mutane ya cika buhu da masara. Da aka ce wa ya ba shi, sai ya ce ai ya tambayi mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye, kuma bai hana shi ba."

Marajo ya yi dariya har da buga cinya. "Kai, duniya da wawaye! Ɗan wane gari ne, Datuak?"

"Ba nisa."

"Allah ya shirye shi. Gobe ka zo da wuri, na ajiye maka kujerar gaba."

Datuak ya dubi ƙanwarsa. Nurbaiti ta ci gaba da tsince shinkafa.

Asabar da ƙarfe goma zauren ya cika maƙil. Mata a dama cikin kayan fita unguwa, kawunai a gaba da baƙaƙen huluna, iyaye maza a can baya kusa da ƙofa, inda suka saba. Hotunan suna jere a bango, kowanne an lulluɓe shi da ɗankwalin Nurbaiti. Bu Wulan ta iso, 'yar siririya mai tabarau, ta ce minti arba'in gare ta. Marajo ya cinye ashirin da jawabi. Sannan ya bi bango yana fizge ɗankwalaye ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata murya daga ɓangaren mata ta ce, "Wancan mai majinar ba ɗana ba ne?"

"Fasaha ce, Uni," in ji Marajo.

"Fasaha ce ta zubo masa har leɓe? Yaron da yake da riga uku sababbi, ka ɗauke shi da wandon da nake goge tukunya da shi, za ka kai Jakarta?"

"Tawa 'yar ko kitso babu!"

"Wa ya ce ka ɗauka? Wa ka tambaya?"

Marajo ya ɗaga hannu, cikin natsuwar wanda ya riga ya ci shari'a. "Iyayena mata, a kwantar da hankali. Komai da takardarsa." Ya miƙa wa Bu Wulan takardun, ya kuma cusa mata makirufo a hannu. Ta ce ba sai da shi ba. Ya ce a'a, a bari kowa ya ji yadda ake aiki a ƙa'ida.

Ta gyara tabarau. "Hoto na ɗaya, sunan yaro Buyuang. Na biyu, Buyuang. Na uku, Upiak. Na huɗu, Buyuang." Ta bi sauran da yatsa. "Pak, Buyuang bakwai ne, Upiak huɗu. Duk sunansu ɗaya?"

"Haɗin kai gare mu a garin nan."

"Wanda ya sa hannu a ta farko, Pak Sutan, yana nan?"

Maza goma sha tara suka miƙe a bayan zaure, don kusan duk magidancin garin Sutan ne. Ta dube su, ta ce su zauna.

Ta ci gaba da juya takardu, sai ta tsaya. Ta jera huɗu a tebur, ta yi murmushi a karo na farko. "Wannan sa hannun mai jela ya burge ni. Pak Sutan Kayo, wane ne?"

Kayo ya miƙe, fuskarsa tana sheƙi. Shekara goma sha biyu yana jiran wani ya lura.

"Barka, Pak. Kai ne uban na biyu, da na biyar, da ta takwas, da na goma sha ɗaya. Masha Allah. Kuma duk kusan sa'annin juna." Ta sake duba bango. "Ba su yi kama ba ko kaɗan. Matanka nawa?"

Lasifikar ta Marajo mai kyau ce, har masu sayar da ayaba a waje sun ji.

Daga layi na biyu wata mace mai faɗin kafaɗa ta juyo a hankali da dukan jikinta. Uni Ros ke nan, matar Kayo, mai kududdufin kifi. Ta ce, "Amsa mata mana, Uda. Ni ma ina son in ji."

"Ɗaya," in ji Kayo.

Uni Eli ta miƙe tsaye. "Na biyar ɗana ne. Ubansa yana Batam yana tuƙa tukunya dare da rana. Me takardar ta ce?"

Bu Wulan ta duba. "Ta ce uba. Da kan sarki."

"Inna lillahi!"

"Ta takwas jikata ce!" in ji wata tsohuwa, Etek Jusna, tana neman sandarta. "Ubanta yana Medan! Kai Kayo, yaushe?"

"Riƙewa kawai na yi!" in ji Kayo.

"Wa ka riƙe?" in ji Uni Ros.

"Duka ukun! Amma ba lokaci ɗaya ba!"

Nan fa zaure ya kacame. Marajo ya ƙwace makirufo don ya gyara. Ya ce a fahimta, a idon doka ne kawai Kayo ya zama ubansu, kuma da yardarsa ya yi, ba wanda ya tilasta shi, shaidu ma suna nan cike da shagon Mak Itam. Shaidun suka fara sulalewa ta ƙofa. Wata ta riga ta kira Batam a waya, ana jin muryar mijin Uni Eli yana tambayar kuɗin jirgi. Kayo ya ga Uni Ros ta cire takalmi ɗaya, bai tsaya ganin na biyun ba, ya bi ta taga. Sutan Pamenan, wanda aka nemi izininsa sau ɗaya a rayuwa, matarsa ta same shi a bayan ƙofa tana tambayarsa sunan ɗansa na tsakiya.

Datuak Bandaro bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya buga sanda sau ɗaya, aka yi shiru. Ya roƙi Bu Wulan takarda guda, ya sa farce ya ɓamɓare kan sarkin a hankali, ya ɗaga ta sama. Ga "uwa" nan a ƙasa, ga "mai riƙo", da ɗan yawun Marajo a kansu.

"Ashe suna nan," in ji Datuak. "An dai rufe musu baki ne." Ya koma ya zauna.

Kowace mace ta je bango ta cire ɗanta. Uni Eli da ta zo wucewa ta gaban Marajo ta tsaya, ta kalli hoton da ke hannunta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya yi kyau, Sutan. Wallahi ya yi kyau. Da ka taka ƙafa ka zo gidana, da ni zan yi masa wanka in kawo maka shi." Ta sa hoton a hammata ta fita.

Wannan maganar ta fi takalmin Uni Ros zafi, kuma Marajo ya ji ta har cikin ransa. Bango ya koma ƙusoshi goma sha ɗaya da hoto guda.

Bu Wulan ta duba agogo, ta rataya jaka, sai idonta ya faɗa kan wanda ya rage. Ta matsa kusa. Ta cire tabarau, ta mayar. "Wannan na wa?"

"'Yata ce," in ji Marajo, muryarsa ta dawo rabi. "Ta cikina. Sunanta na makaranta ne a takardar, Delvia. Ni na sa hannu."

"Pak, na zagaya gari shida ban ga hoto kamar wannan ba. In takardarsa ta tsaya, shi kaɗai ya isa in kai wa shugabata. Ba alkawari na yi ba, amma ya isa." Ta juya. "Uwar tana nan?"

Marajo ya dubi Nurbaiti. Duk garin ya dubi Nurbaiti. Ta bar shi ya tsaya a haka har sai da gumi ya sauko masa ta bayan kunne, sannan ta ce, "Yayana yana nan." Datuak ya shafa gemu, ya ce shi dai in masara ta gidan mutum ce, kuma ya yi sallama, ba ya hana shi. Nurbaiti ta karɓi biro ta sa hannu a gefen na mijinta.

Nan take Marajo ya kumbura ya koma girmansa na da. Ya laluɓi makirufo. "Kamar yadda na sha gaya muku, mu da muka zauna a..."

"Saura mutum ɗaya," in ji Bu Wulan. "Yaron da ya iya magana, mukan tambaye shi." Ta durƙusa a gaban Delvia, wadda ke zaune a gefen uwarta tana kaɗa ƙafa. "Upiak, wannan hotonki ne. In na tafi da shi, mutane da yawa za su gani. Kin yarda?"

Delvia ta dubi hoton, ta dubi ubanta. "A'a."

Marajo ya yi dariya. "Kunya ce. Gidanmu akwai kunya. Upiak, ce wa Bu kin yarda."

"Ayah," in ji ta, yadda yaran garin ke kiran uba, "ka ce in na bari ka ɗauka ba wanda zai gani sai ni da kai. Ka ce wallahi."

Ya tuna. Ya faɗa ɗin, a bakin titi, yana ɗigar laka, don ta daina rufe fuska. Shi a wurinsa irin maganar da ake yi wa yara ce, kamar a ce allura ba zafi.

Ya ajiye makirufo, ya ja wandonsa, ya durƙusa da gwiwa biyu a kan siminti, a gaban surukansa da kawunan gari da 'yan leƙen taga. Mutumin da ya ƙi tanƙwashe ƙafa a gida goma sha ɗaya.

"Upiak, 'yar Ayah. Aikin Jakarta ne fa. Zan saya miki agwagwa mai tashi kamar jirgi."

"Ina da tawa."

"Ai ita ta zo ta ƙarshe."

"Shi ya sa na yi kuka. Yanzu duk ajinmu sun gani."

Ta sauko daga kujera, ta wuce shi, ta yi ɗage a jikin bango amma hannunta bai kai ba. Ta juyo. "Ayah, ɗaga ni."

Ya dubi Bu Wulan, ta kau da kai. Ya dubi hoton, mafi kyawun abin da ya taɓa yi a rayuwarsa. Sannan ya tashi ya ɗaga ta. Ta zare shi daga ƙusa, ta kifa shi a ƙirjinta, ta ce ya sauke ta.

Bu Wulan ta yi sallama da kowa, ta ce in ya tara wasu da takardu na gaskiya, lambarta ba ta canza ba, sai dai aikin bana kam ya wuce shi. Motarta ta tashi. Mai lasifika ya zo ya kwance kayansa.

Suka kama hanyar gida a ƙasa, don Datuak ya ari babur ɗin ya bi sawun Kayo. Delvia tana gaba da hotonta, Nurbaiti tana naɗe ɗankwalayenta, Marajo yana biye. Har suka wuce masallaci bai yi magana ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin Koto Randah. Da suka kai bakin gonar nan da ta cinye masa takalmi, sai ya yi gyaran murya.

"Kin dai ga yarinyar nan, Beti. Shekara takwas, ta tsaya gaban mutanen Jakarta ta kare haƙƙinta ko gezau. Sanin doka ke nan. Ni ta gado."

Nurbaiti ba ta ko waiwayo ba. "Uda, a garin nan ba a gadon uba."